Wannan ba jarumta ba ce, makanta ce

Wani marubuci ya ce sojan cikin wani ƙagaggen labari abin koyi ne don bai taɓa tambayar shugabannin ƙungiyarsu dalili ba, ko da suka ce ya ƙone gari. Haba! Mu mutanen Kano mun ga irin wannan biyayyar da idonmu. A Disamba 1980 mabiyan Muhammadu Marwa Maitatsine suka taso daga 'Yan Awaki, sai da gwamnatin Shagari ta turo sojoji, aka rasa rayuka sama da 4,000. Mahaifina a Fagge yake lokacin, har ya rasu ba ya son a tayar da zancen. Yaran Maitatsine ma ai ba sa tambaya, an ce su yi, sun yi. Malam mai cewa soja ba ya musu, ka manta hadisin kwamandan da ya hura wuta ya ce mutanensa su shiga? Suka ƙi, Annabi (SAW) ya ce biyayya sai cikin abin da yake daidai. To wanda aka ƙone wa gida, ina ruwansa da amanar da sojan ya riƙe?