Kyamara lafiyarta ƙalau, mai gyara ya ce ta ƙone

Wasu masu gyaran kwamfuta a Jidda su ji tsoron Allah. Ban ce duka ba, amma akwai waɗanda in abu ya fi ƙarfin saninsu ba za su taɓa cewa ba su sani ba, sai su ce maka kayanka ne suka lalace, ka kawo kuɗi.

Karatun Alƙur'ani nake koyarwa ta Zoom, ɗalibaina yara ne a Kano da Zariya da Maraɗi. Saudiyya tana gabansu da awa 2, saboda haka bayan isha'i nake zama da su, lokacin sun taso daga Islamiyya. Kwamfutar ta hannu na saya, amma ba tsohuwa ba ce, kuma kyamarar da ke saman allonta tana aiki tangaran. Abin da ya dame ni kawai nauyin da take yi da saƙon lasisi da ke tsaye a gefen allo kullum. Na kai ta wani shago a titin Falasɗinu, mai shagon ya ce a cire Windows a sa Ubuntu, wani nau'in Linux mai maye gurbin Windows, kyauta ce, ba ruwanta da lasisi. A nan bai yi ƙarya ba, ta yi sauƙi ƙwarai. Ya karɓi riyalolinsa, ya miƙo min ita, ko buɗe kyamarar bai yi ba ya ga ko tana kamawa.

Da daddare yara suka hallara, allo baƙi ƙirin.

Wani zai ce ai murya ta isa. Wanda bai taɓa koyar da tajwidi ba ne zai faɗi haka. Ishmami ba a jin sa da kunne, da ido ake ganinsa: ka tattara leɓɓa kamar mai shirin furta rufu'a ba tare da sauti ya fita ba, kamar a "la ta'amanna" ta cikin suratu Yusuf. Ta yaya zan nuna wa yaron da ke Zariya wannan a cikin duhu? Haka fitar da bakin harshe a harafin zal da sa', wanda yaranmu suka saba mayarwa za da sa. Sai sun ga bakin malam suke gyarawa. Iyaye kuma kuɗi suke biya, har wata uwa ta turo saƙo cikin ladabi tana tambaya ko malam ya daina son a gan shi ne.

Na koma shagon. Ya rubuta lsusb, umarnin da ke jero na'urorin da ke haɗe ta USB, ya duba jerin abin da ya fito, bai ga kyamara ba, nan take ya yanke hukunci: ta ƙone, ya hajji, sai an canza murfin allon gaba ɗaya. Kyamarar da ta shigo shagonsa tana aiki! Na ce to me ya ƙona ta, flash ɗin da ka sa Ubuntu da shi? Ya ɗaga kafaɗa ya juya wajen wani mai saye.

Ɗan ƙanena da ke karatun kwamfuta ne ya warware min. Ya ce, "Baffa, kada ka sake ka ba shi ko halala. Ba za ta taɓa fitowa a lsusb ba, domin ba ta USB ba ce." Ashe kyamarorin cikin kwamfuta iri biyu ne. Yawancinsu a ciki ta hanyar USB aka haɗa su, suna bin ƙa'idar UVC, kuma Linux ta daɗe da direbansu, wato manhajar da ke sa su aiki, mai suna uvcvideo, kana kunnawa suke kamawa. Sababbin kwamfutoci sirara da yawa kuwa kyamarar MIPI suke da ita, irin ta wayar hannu, wadda ke aika hoto ɗanye zuwa wani sashe na cikin furosesa da ake kira IPU6 domin ya gyara shi. Direban wannan sashen bai shiga ainihin kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ba sai a sigar 6.10, a watan Yulin 2024. Ubuntu 24.04 kuwa a watan Afrilun 2024 ta fito da kanel 6.8. Ita ce ke kan tsohon flash ɗin mutumin, ya zuba min ya ƙyale, bai sabunta komai ba.

Yaron ya zauna ya sabunta kanel, ya sa manhajar sarrafa kyamara mai suna libcamera, ya yi ta fama har hoto ya fito. Amma wane irin hoto? Duhu-duhu, fuskata ta yi kore shar kamar an shafa min kuka. Zoom ɗin ma ba ta ganin kyamarar sai an yi mata dabarar v4l2loopback, wato a ƙirƙiri kyamarar bogi a riƙa zuba mata hoton. Ni da aikina karantarwa, ina ni ina wannan kowane dare? Su ma kamfanonin da ke ƙera waɗannan kwamfutoci ba su fita ba. Ka sayar wa mutum kaya, ba ka rubuta ko a kwali cewa kyamarar da tsari ɗaya kawai take shiri ba.

Ƙarshe dai 'yar kyamarar USB na saya na maƙala a saman allo, ina sokawa ta kama, ba direba ba komai. Yanzu kwamfuta mai ido biyu nake ɗauka, ɗaya a rufe.

Abin da ya ƙara tunzura ni, na koma na yi wa mai shagon bayanin duk wannan, ba don ya mayar min da kuɗi ba, don kada ya cuci na bayana. Ya saurara, ya gyaɗa kai, sannan ya ce in ina so zai mayar min da Windows, amma kuɗin aiki daban ne.