Matakin tsakiya a Japananci ba haddar kanji kaɗai ba ne

Ɗalibai da yawa kan ɗauka idan sun kai matakin tsakiya na Japananci a jami'a, wato wajen matakin N3 a JLPT, jarrabawar auna ƙwarewa a harshen Japananci, haddar kanji, wato haruffan da Japananci ya aro daga rubutun Sin, ce kawai ta rage. Kanji kam suna da yawa, jerin da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 ya ƙunshi 2,136. Amma inda gizo ke saƙar shi ne keigo, maganar girmamawa. Dubi kalmar "ci" kaɗai: tsakanin abokai taberu ne, idan malami ke ci sai a ce meshiagaru, idan kai ne kake ci a gabansa, itadaku. Wanda ya musanya biyun nan ya ɗaukaka kansa, ya ƙasƙantar da malaminsa, ko da bai yi niyya ba.