Shekara uku a fagen daga, saba'in a gida: me ya kamata mu tuna game da tsohon soja?

Sanarwar rasuwar tsohon soja kusan kamanninta ɗaya ne a ko'ina. Hoton da iyali ke zaɓa na samartaka ne, kaki a goge, hula a karkace, ko gemu bai fito ba. A ƙasa sai a jera rundunar da ya yi wa aiki, da fagen da aka tura shi, da lambobin yabon da aka maƙala masa. Can wajen ƙarshe, a layi guda, a ce marigayin Katolika ne mai riƙo da addini, ya bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Mutum ya haura casa'in a duniya, amma shekara uku ko huɗu sun cinye takardar, sauran saba'in ɗin da suka biyo baya sun samu layi ɗaya.

A ganina wannan rabo bai yi adalci ba. Ba ina rage darajar abin da 'yan mazan jiya suka yi ba ne. Wanda ya kwana a rami cikin damina a dazukan ƙasar Bama (Burma), ko ya hau duwatsun Italiya ana ruwan wuta, ko ya sha sanyin Koriya tsakanin 1950 da 1953, ya biya abin da yawancinmu ba za mu iya biya ba. Sai dai yaƙi abu ne da aka jefa shi ciki yana yaro. Wani dokar ƙasa ce ta tilasta masa, wani talauci, wani zugar abokai. Abin da ya zaɓa da kansa, yana sane, kowace safiya har tsufa, shi ne abin da ya yi da yaƙin bayan ya dawo da shi gida a cikin kansa. A nan ne ya fi cancantar a auna shi.

Kakana yana cikin waɗannan mutane. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu yana saurayi, ya rasu ya haura casa'in. Lambobin yabonsa suna cikin wani tsohon gwangwani tare da maɓallai da allurai, kuma ban taɓa ganin ya buɗe shi don kansa ba. Abin da ba ya rabuwa da shi carbinsa ne na rosari, wanda 'ya'yansa suka yi sulɓi saboda murza, an ɗaure wurin da ya tsinke da siririyar waya. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Idan aka buga murfin wani abu da ƙarfi, sai ka ga kafaɗunsa sun ɗaga, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan hannunsa ya shiga aljihu. Muna yara mun ɗauka ɗabi'ar tsufa ce kawai.

Wata rana wani ƙanena ya yi masa tambayar da kowane yaro ke yi wa tsohon soja: "Kaka, mutum nawa ka kashe?" Bai yi fushi ba. Ya dube shi ya ce, "Jikana, su ma suna da iyaye mata." Daga nan bai ƙara kalma ba, mu ma ba mu sake tambaya ba.

Wannan shiru ba nasa ne shi kaɗai ba. Harry Patch, wanda shi ne na ƙarshe cikin sojojin Birtaniya da suka yi yaƙin ramuka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ji rauni a 1917, amma bai buɗe baki ya ba da labari a bainar jama'a ba sai da ya cika shekara 100. Ya rasu a 2009 yana da 111. Ciwon firgici da ke bin wanda ya ga tashin hankali kuwa, sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi kundinta a matsayin cuta mai suna. Shekara 35 ke nan bayan an ajiye makamai a 1945. Duk tsawon wannan lokaci, miliyoyin maza sun yi aure, sun haifi 'ya'ya, sun tafi aiki, alhali suna ɗauke da ciwon da ba a ma raɗa masa tsayayyen suna ba, balle a yi maganar magani.

To da me suka riƙe kansu? Wasu da giya. Wasu da aiki ba dare ba rana. Wasu ba su iya riƙewa ba, matansu da 'ya'yansu ne suka sha wahalar. Wasu kuma, irin kakana, da addini. Kuma idan na ce addini, ina nufin abin da yake yi da jikinsa a kan lokaci, ko yana jin daɗi ko ba ya ji. Ya tashi da duhu ya tafi Mas, wato babbar ibadar Katolika a coci. Ya durƙusa a gaban Fada, wato limamin coci, ya furta zunubansa. Da yamma ya ja rosari, wanda a cikinsa ake maimaita gaisuwar Maryamu sau 50, kuma kowace tana ƙarewa da roƙon ta yi wa masu zunubi addu'a yanzu da kuma lokacin mutuwarsu. Ga wanda bai taɓa ganin gawa ba, wannan jimla kan wuce a baki ba tare da ya lura ba. Ga wanda ya rufe idon abokinsa da hannunsa yana ɗan shekara ashirin, ambaton lokacin mutuwa sau 50 a rana hanya ce ta kallon abin da ke razana shi ba tare da ya gudu ba. Ba zan ce rosari ya warkar da shi ba, domin har ya tsufa kafaɗun nan ba su daina ɗagawa ba. Abin da na shaida shi ne, tsoron ya tsaya a kansa. Bai gangaro kan 'ya'yansa ya zama duka ko zagi ba. Mutum ya shekara saba'in yana tare wa iyalinsa abin da shi kansa bai iya kawar wa kansa ba, ni dai ban san jarumtar da ta fi wannan ba.

Na san abin da mai shakka zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce addinin nan da ake yabo, ai shi ne aka yi wa bindigogi addu'a da sunansa a kowane ɓangare. Gaskiya ne. Sojojin Jamus sun ɗaura bel mai rubutun da ke cewa Allah yana tare da su. A Monte Cassino na Italiya, jiragen ƙawance sun ragargaza gidan ibadar da Waliyyi Benedict ya kafa tun wajajen shekara ta 529, a ranar 15 ga Fabrairun 1944, kuma sojojin Poland da suka kafa tutarsu a kan kufansa a watan Mayu galibinsu Katolika ne, kamar yadda akwai Katolika cikin Jamusawan da suka kare dutsen. Mai ja rosari ya harbi mai ja rosari. Wanda ya ce wannan bai dame shi ba, bai yi tunani sosai a kai ba.

Amma cocin da waɗannan tsofaffi suka riƙe tana da wata murya da ba a cika jin ta a ranar fareti ba. Tun a 1917 Fafaroma Benedict na 15 ya rubuta wa shugabannin ƙasashen da ke yaƙi yana kiran abin da suke yi kisa marar amfani. Franz Jägerstätter, manomi ɗan Ostiriya mai 'ya'ya ƙanana, ya ƙi yi wa Hitler yaƙi saboda imaninsa, aka sare kansa a 1943, cocin kuma ta ɗaga shi zuwa matakin masu albarka, wanda ke gab da na waliyyai, a 2007. Fada Emil Kapaun, limamin sojojin Amurka a Koriya, ya zaɓi zama da masu rauni har aka kama shi a 1950, ya riƙa sato wa fursunoni abinci yana wanke marasa lafiya, ya mutu a sansanin a 1951. Fafaroma Francis kuwa ya sha faɗa cewa daga bakin kakansa, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a bakin kogin Piave na Italiya, ya fara sanin mene ne yaƙi. Da ya je maƙabartar Redipuglia a 2014, inda aka binne sojojin Italiya kimanin 100,000, ya ce yaƙi hauka ne. Tsohon sojan da ke durƙusawa a layin gaba na coci ya fi mu sanin waɗannan muryoyi biyu, domin ya rayu a tsakaninsu. Shi ya sa da wuya ka ji shi yana kirarin yaƙi. Masu kirarin galibi ba su je ba.

Akwai wani abu a jana'izar Katolika da na daɗe ina ganin hikimarsa. Ƙa'idar Mas ta ce a yi gajeren wa'azi, amma kada ya zama yabon mamaci. A wurare da yawa ana ba iyali dama su faɗi 'yan kalmomi na tunawa, sai dai zuciyar ibadar roƙo ne: a gafarta masa, a tsarkake shi, a karɓe shi. Wato cocin ba ta ɗauka cewa tsufa ko lambar yabo sun wanke kowa ba. Kuma nassin da Katolika suka fi dogara da shi wajen yi wa matattu addu'a, labarin sojoji ne. A Littafin Makabiyawa na Biyu, sura ta 12, Yahuda Makabi, shugaban mayaƙan Yahudawa, da mutanensa sun je kwashe gawarwakin 'yan uwansu da suka faɗi a fagen daga, sai suka tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunansu, abin da shari'arsu ta haramta. Yahuda bai ɓoye laifin ba, bai kuma yasar da su ba. Ya tara kuɗin azurfa ya aika Urushalima a yi hadaya dominsu.

Wannan ya fi yabon da muke yi gaskiya, ya kuma fi shi ƙauna. Idan muka mai da kaka waliyyi ranar da ya rasu, mun hana shi abin da shi da kansa ya shekara da shekaru yana nema a durƙushe. Mutumin da ke zuwa furta zunubi har ƙafafunsa suka gaza ya san yana da abin furtawa. Kakana yana da zafin rai, yana da taurin kai, kuma akwai shekarun da shirunsa ya yi wa kakata nauyi ƙwarai. Faɗin haka bai rage masa komai a idona ba. Jikan da aka gaya wa cewa kakansa ba shi da aibi zai yi sha'awarsa daga nesa, amma ba zai koyi komai daga gare shi ba. Wanda aka gaya wa cewa kakansa ya yi kokawa da fushi da tsoro har tsufa, yana faɗuwa yana tashi, shi ne zai tuna da shi ranar da nasa fushin ya taso.

Ba kuma ina cewa kowane tsohon soja mai zuwa coci ya zama mutumin kirki a gida ba. Akwai gidajen da aka ja rosari da yamma aka yi kuka da dare. 'Ya'yan irin wannan gida suna da haƙƙin kada a tilasta musu yabon da ba su ji a zuciya ba, kuma addu'ar neman gafara ga mamaci ta fi musu sauƙin faɗa da gaskiya fiye da jawabin yabo.

Lokaci dai yana ƙurewa. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1945, an haife shi ne a 1927. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya sun ƙare tun 2012, na na Biyu 'yan kaɗan suka rage, na Koriya suna bin bayansu. Fafaroma Francis ya ware Lahadi ta huɗu ta watan Yuli a matsayin ranar kakanni da tsofaffi tun daga 2021, kusa da idin Yowakim da Hannatu, waɗanda al'adar coci ta ɗauka a matsayin kakannin Yesu. Abu ne mai kyau, amma rana guda ba ta isa a ji labarin da mai shi ya shekara saba'in yana haɗiyewa. Sai an zauna kusa da shi sau da yawa, ba tare da gaggawa ba, kuma an san abin da za a tambaya.

Kada a tambaye shi mutum nawa ya kashe. A tambaye shi sunayen waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba. Kusan kowane ɗayansu yana da wannan jeri a kansa. Na kakana yana rubuce a bayan bangon littafin addu'arsa, da rubutun hannu mai karkarwa, kuma duk ranar 2 ga Nuwamba, ranar da Katolika ke yi wa dukan matattu addu'a, yakan kai wa Fada takarda ya ce, "Fada, a sa yaran nan a Mas." Yara yake ce musu har ya rasu, domin a idonsa ba su taɓa wuce ashirin ba. Yawancinsu ba su yi aure ba, ba su bar jikan da zai ambace su ba. Duk iyalin da ke rabon kayan irin wannan tsoho, kafin a yi gardamar wanda zai ɗauki lambobin yabo, ya kamata a fara tsai da wanda zai ɗauki wannan takarda ya ci gaba da kai ta coci.