Kati Biyu, Kuɗi Ɗaya, da Firizar Uwargida

Burina bai taka kara ya karya ba. So nake in buga eFootball da GTA V a kwamfuta ba tare da hoto yana tsinkewa ba, in kuma naɗi wasan in ɗora a YouTube da sharhi cikin Hausa. Abin da ya rage mini shi ne katin hoto, na'urar nan da ake sokawa cikin kwamfuta ta ɗauki nauyin zana duk abin da ido ke gani a allo. Wani mai shago a Legas ya turo mini hotunan guda biyu ta WhatsApp, duka na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya: RTX 3060 na Nvidia da RX 6600 na AMD. Ko a 2021 da suka fito, dala 329 aka yanka wa kowanne. Da ɗaya ya fi ɗaya tsada, da talauci ya yanke mini hukunci na huta.

Sai na nemi shawara, kuma daga nan barci ya ƙaurace mini.

Abokina mai gyaran kwamfuta a Badariya ɗan Nvidia ne na a-mutu. Ya zaunar da ni kan benci ya ce 3060 na da ma'ajiya gig 12, wancan kuwa 8. Ya ce akwai wani ɓangare a cikinsa da ake kira NVENC, aikinsa kawai matse bidiyo, don haka in na kunna OBS, manhajar naɗar bidiyo, ina naɗa, wasan ba zai ji a jikinsa ba. Ya ƙara da DLSS, wanda ke zana hoto ƙarami ya buɗa shi ya fito tas. Ya yi bayani har shayinsa ya huce.

Ƙanina kuma, wanda bai taɓa sayen ko linzamin kwamfuta da kuɗinsa ba, ya tsaya kai da fata kan AMD. "Yaya, mi za ka yi da gig 12 a allon 1080? Gudunsu kusan ɗaya ne. Ka dubi wuta: na Nvidia wat 170 yake sha, na AMD 132. A Birnin Kebbi kake fa, ba Jamus ba." Na ce masa wat 38 ba abin da za a tara jama'a a kansa ba ne. Ya yi murmushin da har yau ban yafe masa ba.

Dare ya zama na kallon Turawa suna gwada katunan biyu gefe da gefe, wannan ya ba da hoto kaza a daƙiƙa, wancan ya ɗara shi da uku. Duk cikinsu ban ga wanda aka ɗauke wa wuta yana tsakiyar gwaji ba, ban kuma ga mai gumi ba. Data ta ƙare, na sake saye, ta sake ƙarewa. Daga ƙarshe maganar naɗar bidiyo ta rinjaye ni, na tura kuɗin 3060.

Ya iso tasha cikin kwali, an naɗe shi da salatef kamar mai karaya. Na rungume shi a kan kabukabu har shagon abokina. Ya buɗe kwamfutata, tsohuwar 'yar ofis ce siririya da na saya na hannu, ya ɗora katin a kanta, sai muka yi shiru mu biyu. Katin mai fanka biyu ya fi gidan kwamfutar faɗi. Ko da an danna shi da ƙafa murfi ba zai rufu ba.

"Wannan ƙaramin abu ne," in ji shi. "Babbar matsalar ita ce tukunyar wuta." Wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta lantarki. Tawa wat 240 ce, katin kuwa ana so a ba shi mai 550, ga shi yana neman wata waya mai baki 8 wadda tawa ba ta ma san da ita ba. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini tun ranar da yake wa'azin NVENC. Ya ce ai ban tambaye shi ba. Aka sayi tukunyar wuta, ta ƙi shiga gidan. Aka sayi sabon gida, allon uwa na tsohuwar, wanda duk sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, ya ƙi zama, don ramukan kusoshinsa da bakin wayarsa na kamfaninsu ne su kaɗai. Aka sayi allo. Abin da ya tsira daga tsohuwar kwamfutata shi ne linzami da faifan ajiya.

Ranar naɗar farko ta faɗo cikin Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 kuma ruwan randa ma sai an bari ya huce. Babu wutar gari, muna kan sola. Ita kuma inbatar gidanmu ba tawa ba ce ni kaɗai: a kanta firizar uwargida take, cike da zoɓo da kunun aya na sayarwa. Na sa abin kunne, na gyara murya, na yi wa masu kallo sallama, na ɗauki Barcelona. Hoto ya fito kyakkyawa, har ciyawar fili ana iya ƙirgawa. Fankokin katin suka fara kuka. Na yanke ɗan baya, na shiga da'ira, daga ni sai gola. A daidai nan injin firiza ya tashi, inbata ta yi ƙara sau ɗaya, komai ya mutu.

Daga tsakar gida na ji muryarta. "Maigida! Wallahi in zoɓon nan ya narke, wannan abin naka za mu kai kasuwa!"

Da aka tayar da wuta na duba, ashe OBS ya adana abin da ya samu, don abokina ya saita shi a kan MKV, wani tsarin adana bidiyo wanda ko an yanke wuta ba ya lalacewa. Gaskiya NVENC ya yi aikinsa, hoton ba shi da makusa. Na ɗora guntun. Masu kallo suka tambayi dalilin da ya sa bidiyon ya ƙare ana shirin cin ƙwallo, na ba su labari, sai sharhi ya koma kan zoɓo gaba ɗaya. Mutum biyu daga Gesse har sun nemi a kai musu.

Ƙanina ya zo da yamma ya tsaya bakin ƙofa, bai ko yi sallama ba, ya ce, "Wat 38." Ni dai na tabbata ko da RX 6600 ne inbatar nan sai ta faɗi, amma ba ni da kuɗin sayen na biyu in kafa masa hujja.

Yanzu an yi sulhu a gida. Ina kunna kwamfuta bayan la'asar, in uwargida ta taɓa robar zoɓo ta ji ta yi ƙanƙara ta zare firiza. Ta kuma gindaya sharaɗin in riƙa tallata kunun ayarta a farkon kowane bidiyo, kyauta.