Ƙannena, dare mahutar bawa ne

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata, musamman ku da ke tsakanin shekara 13 zuwa 18. Maganar barci zan yi muku, kuma ina roƙon ku karanta har ƙarshe, domin abin yana damuna ƙwarai.

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin sakandare da misalin ƙarfe goma na safe ya ga abin da nake nufi. Yarinya ta tallabe haɓa da hannu, biro ya tsaya a tsakiyar layi, kai yana rinjaya yana dawowa. Yaro a kujerar baya ya kifa fuska a kan jaka, ido ja wur. Malam ya yi faɗa, ya ce lalaci ne. Sau da yawa ba lalaci ba ne, yaron bai kwanta ba sai ƙarfe biyu na dare, kuma an tashe shi sallar Asuba.

Likitocin da suka ƙware a harkar barci sun yi ittifaƙi cewa matashi mai shekarunku yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. To ku yi lissafi da kanku. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, wajen ƙarfe biyar ake kiran Asuba. Wanda yake son ya samu awa 8 kafin kiran, dole ƙarfe tara ta same shi a shimfiɗa. Ku nawa ne ke kwance a lokacin? Da yawanku ƙarfe tara ɗin ne ma ake fara wasa a gidan kallon ƙwallo, ko hira ta yi daɗi a majalisa, ko ana jiran sha biyu ta yi a sayi datar dare mai araha.

Na san akwai abin da ba laifinku ba ne. Idan mutum ya balaga, jikinsa yakan jinkirta sakin sinadarin melatonin, wanda ke kawo jin barci, da kusan awa biyu. Shi ya sa ƙaninka ɗan shekara bakwai yake ɓingirewa bayan Isha'i, kai kuwa idonka biyu. Ga zafi, ga sauro, ga ɗaukewar wuta. Amma fa wannan dalili ne na ka taimaki jikinka. Hasken waya a fuska cikin duhu yana ƙara jinkirta wannan sinadari, sannan abin da kake kallo yana hana zuciya kwanciya: bidiyo ɗaya a TikTok ya jawo wani, saƙo ɗaya a WhatsApp ya buɗe hira, kafin ka ankara zakara ya yi cara.

Ku da ke shirin WAEC da NECO da JAMB, da ku nake musamman. Kwana karatu da kofi da goro da lemon ƙara kuzari ba dabara ba ce. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tsara abin da aka karanta da rana ta adana shi. Masu hadda sun san haka: shafin da ka biya da dare ka kwanta a kansa, da Asuba za ka same shi ya fi zama. Wanda ya hana idonsa barci ya shiga ɗakin jarrabawa, zai ga tambayar da ya sani amsar ta ƙi zuwa. Shi kuma sinadarin kafeyin (caffeine) mai hana barci da ke cikin kofi da goro yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, don haka abin da ka sha bayan Magariba yana nan yana aiki har tsakar dare. Kuma a cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma. Kuna cikin shekarun da ƙashi ke miƙewa, kada ku tauye kanku.

Addininmu bai bar wannan ba. Allah Ya ce a Suratun Naba'i Ya sanya barcinmu hutawa. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta. Da Abdullahi ɗan Amru ya ɗauki raya dare kullum da sallah, Annabi ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi a kansa. Idan an ja hankalin mai ibada, ina ga mai latsa waya?

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Ku tsayar da lokacin kwanciya guda, har ranakun hutu, domin ramuwar barcin Asabar ba ta gyara ɓarnar mako. Ku ajiye waya nesa da shimfiɗa tun awa ɗaya kafin ku kwanta. Ƙailula bayan Azahar tana taimakawa, amma minti 20 zuwa 30 ya isa, barcin da ya kai Magariba kuwa shi ke kashe na dare. Kada kowa ya sha maganin barci ko maganin tari don barci ya zo, ko da aboki ne ya ba shi. Wanda ya yi makonni barci na ƙi masa, ko yake yawan munshari yana farkawa da sarƙewar numfashi, ya faɗa wa iyayensa a je asibiti.

Iyaye da yayye, ku ma da naku. Yarinyar da aka bar wa wanke-wanke har sha ɗaya na dare, aka kuma tashe ta hura wuta da duku-duku, ba za ta iya fahimtar lissafi da safe ba. A rage mata aikin dare, a karɓi wayoyin gida bayan Isha'i, har da ta babban yaya.