Bature ya zana kansa a matsayin mai gidan da ɓarayi ke kewayawa

Duk wanda ya ɗauki tsofaffin fitowar mujallar barkwanci ta Punch, wadda aka fara bugawa a Landan a 1841, zai rantse Ingila ƙasa ce 'yar mitsitsiya da maƙwabta suka sa a gaba. Ga John Bull, ƙaton mutum mai tumbi wanda ke wakiltar Baturen Ingila, yana gadin ƙofarsa. Ga Britaniya, mace da hular ƙarfe da mashi mai baki uku, ta zuba wa teku ido. Ni kuwa ra'ayina shi ne waɗannan zane-zane sun fi jawabin kowane ɗan majalisa tasiri wajen sa talakan Ingila ya yarda cewa shi ake shirin zalunta.

Tsoron ya fara ƙarfi a farkon 1848, da wata wasiƙar Duke na Wellington, babban kwamandan sojan Ingila, ta fita a jarida, yana kukan cewa gaɓar kudancin ƙasar a buɗe take. Jirgin ruwa mai tururi ya zo, bai damu da inda iska ta nufa ba, to me zai hana Faransa tsallakowa cikin dare ɗaya?

Amma abin ya kai maƙura ne a 1859. Napoleon na Uku, sarkin Faransa, ya taɓa shelanta cewa daularsa ita ce zaman lafiya. Sai Punch ta zana shi a siffar beguwa, a maimakon ƙaya wuƙaƙen bakin bindiga ne suka yi cirko-cirko a bayansa, gashin bakin nan nasa mai tsini yana nan daram. Ba sai ka iya karatu ba, kallo ɗaya ya isa. Gaskiya zanen ya yi, ko ni da nake sukarsa sai da na murmusa. A shekarar ce Faransa ta saka La Gloire a ruwa, jirgin yaƙi mai sulken ƙarfe, Ingila ta mayar da martani da nata jirgin, Warrior, a 1860. Aka kafa rundunar 'yan sa-kai, akawuna da 'yan kasuwa da lauyoyi suka ɗinka kaki, cikin ɗan lokaci suka haura 100,000. Gwamnatin Firaminista Palmerston ta narka kuɗi wajen gina sansanonin tsaro a kewayen Portsmouth da Plymouth, har da wasu a tsakiyar ruwa, waɗanda daga baya mutane suka riƙa kira wautar Palmerston.

Masu zanen kuma baki biyu gare su. Yau su tsorata ka da Faransa, gobe su zana ɗan sa-kai da kaki ya yi masa yawa, yana tuntuɓe da bindigarsa, yara na yi masa dariya. Da tsoron da dariyar duk ciniki ne.

Faransa ba ta zo ba. A 1860 ɗin ma sojojin ƙasashen biyu tare suka shiga Beijin, suka wawashe fadar bazara ta sarkin Sin, Ingilishi suka cinna mata wuta. Shi kuwa mai siffar beguwa, da Furusiya, babbar masarautar Jamusawa, ta karya shi a 1870, ina ya samu mafaka? Ingila. A can ya rasu a 1873. Nan da nan aka canza dodo, hular Jamus mai tsini ta fara bayyana a shafukan.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne rikicin 1882, lokacin da ake haƙa hanyar jirgin ƙasa a ƙarƙashin tekun da ya raba Ingila da Faransa. Janar Garnet Wolseley na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, wai 'yan tsirarun sojoji za su iya kame bakin ramin su buɗe wa runduna ƙofa. Aka tsayar da aikin, hanyar ba ta samu ba sai 1994. Wannan Wolseley ɗin shi ne a 1874 ya kai yaƙi ƙasar Asante, a Gana ta yau, ya ƙone Kumasi, a yaƙin da Kyaftin Glover ya ja dakarun Hausawa ta wani ɓangaren. Mutumin da ya san yadda ake shiga garin wasu da wuta, dole ya kasa barci in ya ji ana haƙa rami zuwa nasa. Mai karatun Punch kuwa, in an nuna masa irin wannan yaƙi, zakin Ingila yake gani yana hukunta masu taurin kai, kalmar mamaya an ajiye ta ne don ranar da Faransa za ta sauka a Dover, garin gaɓar tekun Ingila da ke fuskantar Faransa.