Wai don ba da yaren kwamfuta na Java ya rubuta manhaja ba, shi ke nan yaro bai iya ba?

Waɗanda sunka je taron gasar rubuta manhaja ran Asabar sun ga abin da anka yi wa yaron nan, ba sai na maimaita ba. Wata huɗu yana rubuta manhajar lissafi wa kawunsa dillalin albasa, tana aiki, kawun na amfani da ita tun kaka. Oga alƙali bai ko danna ta ba. Ya ji an ce da yaren PHP anka rubuta ta, ya ture kwamfutar, wai wanga ba OOP ba ne (wato tsara manhaja abu-abu, kowane abu riƙe da bayanansa da aikinsa), a koma a koyi Java in ana son aiki a kamfani.

Sannu babban injiniya. Allah shi ƙara basira.

OOP ba yare ba ne. Na faɗa a zauren, ina sake faɗa nan: ba yare ba ne, hanyar tsara aiki ce. Tun 1967 Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard sunka fito da ita cikin yaren Simula a ƙasar Nowe. Java sai 1995 ta zo, shekara 28 tsakani. To mi mutane ke yi kafin nan, Oga, jiran ka?

Ni na buɗe aikin yaron daga baya, muna zaune a mashin ɗina bakin gate muna jiran la'asar. Yana da abu guda mai suna Buhu. Buhu ya san nauyinsa, ya san kuɗin da anka saye shi, ya san ko an biya ko bashi ne. Ba wani ɓangare na manhajar da ke da ikon sa hannu ya canza kuɗin, sai dai ya roƙi Buhu. Kamar shago ne a Sabuwar Kasuwa: kana miƙa kuɗi a ba ka canji, ba ka zura hannu cikin durowar mai shago. Wannan ɓoye ciki da aika saƙo shi ne zuciyar abin, kuma Alan Kay, wanda ya raɗa wa tsarin suna OOP, saƙon ya fi bai wa muhimmanci. Yaron ya gane haka ba wanda ya koya mai.

Su kuwa namu, abin da sunka haddace a OOP gado ne kawai, wato wani abu ya gaji halayen wani. Dabba ta haifi Akuya, Akuya ta gaji Dabba, an ci jarabawa. Sai ka ga mutum ya jera gado hawa bakwai don buga rasit ɗaya, in ka taɓa kaka jikoki duka su faɗi. Na taɓa gadon aikin Java a wani ofis, fayil guda layi ya fi dubu uku, komai cushe ciki kamar buhun 'yan gwanjo. Java ce fa. Ina OOP ɗin?

Za a ce mani bankuna Java suke nema. To, su nema. Wasu bankunan duniya har gobe yaren COBOL na 1959 ke riƙe da asusunsu. Da PHP anka fara Facebook a 2004, WordPress da Wikipedia na kanta har yau. Zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da yaren C anka rubuta mafi yawanta, shi kuwa C ba shi da kilas ko ɗaya, wato ƙirar da ake fitar da abu irin Buhu daga cikinta. Google ta fitar da yaren Go a 2009 ta bar gadon nan waje da gangan. Kamfani na zaɓen yare ne don ma'aikatan da yake da su da tsohon aikin da ya tarar, ba don ya burge alƙalin gasa ba.

Abin da ya fi ci mani rai, yaron ya tambaye ni ko ya goge duka ya sake daga farko. Na ce ƙanena, kada ka goge ko harafi. Ka koyi Java in ka samu hali, sati kaɗan za ta ɗauke ka tunda ka riga ka iya tunanin.

Kuma don Allah masu shirya taro, Sakkwato muke, watan Afrilu ne. Ƙarfe sha biyu zuwa huɗu, fanka biyu, ruwa leda ɗaya-ɗaya? Wanda kuma ya tafi da cajata baƙa mai ɗaurin salatif a wuya, na san layin da ka zauna.